Yadda Ake Haɗa Ɗaurin Kati, da Yadda Ake Gyara Shi Har Ya Fara Cin Wasa

Kusan duk wanda ya faɗa wasan katunan tarawa, kati ɗaya ne ya ja shi. Ka buɗe sabon ƙunshi, idonka ya faɗa kan wani kati mai kyan zane ko mai ƙarfin ban mamaki, nan take ka ce wannan kam sai na gina masa gida. Ni nawa Shivan Dragon ne, jan dodon nan mai fukafukai na wasan Magic: The Gathering, mai ƙarfin duka 5 da juriya 5, wanda sai an biya "mana" 6, wato ƙarfin da ake kashewa don buga kati, ake sauke shi a tebur. Ɗaurin farko da na haɗa masa kati 68 ne. Na zuba dodon har guda huɗu, na bi shi da duk wani babban kati da na mallaka. Na sha kashi har na gode Allah, kuma yawancin wasannin an tashi ne dodon yana hannuna, ko tebur bai taɓa ba.

Da ɗauri ina nufin tarin katunan da kake shiga wasa da su, abin da 'yan wasan ke kira dek. Yawancin misalaina daga Magic za su fito, wasan da Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993, domin a kansa aka fara gano mafi yawan dabarun haɗa ɗauri. Inda Pokémon, Yu-Gi-Oh! ko Hearthstone suka sha bamban zan faɗa. Ɗaurin dodon nan kuwa zai raka mu har ƙarshe, mu ga yadda ya tashi daga tarkace ya zama abin shiga wasa.

Mataki na farko: san dokar filin da za ka taka

Kafin ka taɓa kati ko ɗaya, ka san nawa aka yarda ka ɗauka. A Magic, ɗaurin da mutum ya haɗa daga gida ba ya kasa kati 60, kuma ba a sa kati iri ɗaya fiye da huɗu, in ban da filaye na asali, wato katunan da ke samar da mana. Pokémon 60 ne cif, ba ƙari ba ragi, huɗu-huɗu shi ma, kuma dole a samu aƙalla Pokémon ɗaya na matakin farko a ciki. Yu-Gi-Oh! daga 40 ne zuwa 60, uku-uku, da wani ƙaramin ɗauri na gefe da bai wuce 15 ba. Hearthstone 30 ne, bibbiyu, katunan da ake kira Legendary kuma ɗaya-ɗaya.

Bayan adadi sai rukunin wasa. A Magic kaɗai akwai Standard, inda katunan 'yan shekarun nan ne kawai ke shiga, tsofaffi suna fita lokaci-lokaci; tun 2023 aka tsawaita zamansu zuwa shekara uku. Modern yana karɓar katuna tun daga bugu na takwas na 2003. Pauper na katunan gama-gari ne zalla. Commander kuwa duniya ce daban: kati 100, kowanne ɗaya tak ban da filayen asali, kowane ɗan wasa kuma yana farawa da makin rai 40 maimakon 20. A Pokémon ana duba wani ƙaramin harafi a ƙasan kati don a san ko yana cikin waɗanda ake yi da su yanzu. Kamfanin Konami kuma yana sabunta jerin katunan Yu-Gi-Oh! da aka hana ko aka taƙaita, shi ya sa Pot of Greed, duk da sauƙin aikinsa na jawo kati biyu, ba ya shiga gasa. Duba jerin da ke aiki a yau. Babu takaici kamar ka gama haɗa ɗauri a ce maka ginshiƙinsa haramtacce ne.

Mataki na biyu: faɗi yadda za ka ci wasa a jimla ɗaya

Nan ne mafi yawan sababbi suke ɓata hanya, ni ma nan na ɓace. Da za ka tambaye ni a lokacin me ɗaurina yake yi, amsata ita ce yana da katuna masu ƙarfi. Wannan ba shiri ba ne. Shiri shi ne ka iya cewa: zan sauke ƙananan halittu masu ba da mana a zagaye na ɗaya, in fito da manya kafin lokacinsu, in ƙone duk abin da ya tare hanya, dodo ya gama aiki ta sama. Daga ranar da na rubuta wannan a takarda, kowane kati ya samu tambayar da zai amsa: a cikin jimlar nan, wane aiki kake yi? Wanda ya rasa amsa ya koma akwati, komai kyansa. Tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya.

Shirye-shiryen da aka saba gani ba su da yawa. Akwai ɗaurin farmaki, mai zuba ƙananan mayaƙa tun da wuri don ya gama da abokin karawa kafin ya farga. Akwai ɗaurin haƙuri, mai tare duk abin da aka jefo da katuna irin su Counterspell, mai soke katin da abokin karawa ya buga, da Wrath of God, mai kashe duk halittun da ke tebur, sai hannun abokin karawa ya bushe sannan ya fito da abin kisa guda ɗaya. Brian Weissman ne ya shahara da wannan salo a farkon shekarun Magic, kuma daga wurinsa mutane da yawa suka koyi ƙirga ribar kati: in katinka ɗaya ya cinye uku na abokin karawa, kana gaba da biyu. Akwai ɗaurin haɗi, mai neman wasu katuna biyu ko uku da in suka haɗu wasa ya ƙare nan take. Sai ɗan tsakiya, wanda yake zama mai farmaki in ya haɗu da mai haƙuri, ya koma mai tarewa in ya haɗu da mai gaggawa. Ɗaurin dodona a nan ya faɗa.

Zaɓi ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ɗaurin da rabinsa na gaggawa ne rabinsa na jira, hannun da zai riƙa ba ka shi ne ƙananan mayaƙa a ƙarshen wasa, manyan katuna a farkonsa.

Mataki na uku: guda nawa na kowane kati

A nan sai an ɗan yi lissafi, amma lissafin da ya fi komai amfani ne a wannan sana'a, don haka zan daɗe a kansa.

A ɗauri mai kati 60, hannun farko kati 7 ne. In ka sa kati guda huɗu, damar ka ga aƙalla ɗaya a hannun farko kusan kashi 40 ce cikin 100. In uku ka sa, ta sauka zuwa kimanin 32. Biyu, 22. Ɗaya tak, ƙasa kaɗan da 12. Ka sake duba adadin farko: katin da ka cika masa gurbi har huɗu, a wasa shida cikin goma ba ya hannunka lokacin da aka fara. Ko ka kai zagaye na huɗu, ka ga kati 10 ke nan in kai ka fara wasa, damar ba ta wuce kashi 53 ba. Duk ɗaurin da ya rataya rayuwarsa a wuyan kati ɗaya, kusan rabin wasanninsa zai yi su ne ba tare da katin ba.

Maganin wannan shi ne ka nemo katuna daban-daban masu aiki iri ɗaya. Llanowar Elves halitta ce mai mana 1 da ke ba da koren mana ɗaya a kowane zagaye. Elvish Mystic ma haka yake, suna ne kawai ya bambanta su. Doka ta hana ka sa Llanowar Elves takwas, amma ba ta hana huɗu na wannan da huɗu na wancan ba. Da takwas, damar ka fara wasa da ɗaya a hannu ta tashi daga 40 zuwa 65. Wannan canji shi kaɗai ya fi duk wani babban kati da na taɓa ƙarawa amfani.

Daga nan ƙa'idar rabon gurbi take fitowa. Katin da kake so ka gani a kowane wasa, da wuri, kuma ba ka ƙin ganin biyu, ba shi huɗu. Lightning Bolt, mana 1 ya yi ɓarnar 3 ga halitta ko ga ɗan wasa, irin wannan ne. Katin da kake so a kowane wasa amma biyu a hannu nauyi ne, uku. Babban katin gama wasa, wanda ba ka buƙatarsa sai can gaba bayan ka jawo katuna da dama, biyu sun isa. Guda ɗaya kuwa sai in kana da hanyar nemo shi daga cikin ɗauri. Shi ya sa 'yan Pokémon suke iya sa katuna ɗaya-ɗaya da yawa: Ultra Ball yana zaƙulo Pokémon ɗin da kake so, Professor's Research yana ba ka sabon hannu na kati 7. Sai dai su ma da nasu tarkon. Ana ware katunan lada 6 a kife tun farkon wasa, don haka katin da guda ɗaya ne a ɗaurinka, kusan sau ɗaya cikin goma yana can a kulle.

Wannan lissafin ne kuma dalilin da ya sa ake tsayawa a mafi ƙarancin adadin da doka ta yarda. Kati na 61 ba ya kashe kowa, ɓarnarsa rabin kashi ɗaya ce kawai. Amma wanda ya yarda da 61 zai yarda da 64, kuma a kati 70 damar nan ta 40 ta koma 35. A Yu-Gi-Oh! bambancin ya fi fitowa fili: hannun farko kati 5 ne, katin da ka sa uku a ɗauri mai 40 kana ganinsa kusan kashi 34, a mai 60 kuwa 23.

Mataki na huɗu: matakalar mana

A 1996 wani ɗan wasa mai suna Paul Sligh ya shiga gasar neman gurbi a Atlanta ta Amurka da wani jan ɗauri da Jay Schneider ya tsara. Katunan ciki, irin su Ironclaw Orcs, ba wanda yake ɗaukarsu a bakin komai. Abin da ɗaurin yake da shi shi ne a kowane zagaye yana kashe duk manan da yake da shi: abu mai mana 1 a zagaye na ɗaya, mai 2 a na biyu, mai 3 a na uku, alhali abokan karawa suna zaune da manyan katuna a hannu suna jira. Har yau sunan Sligh ake kiran irin wannan ɗauri da shi, kuma daga nan tunanin matakalar mana ya bazu.

Yadda za ka yi: share tebur, ka jera katunanka layi-layi bisa tsadar manansu, masu 1 a hagu har zuwa mafi tsada a dama. Ja da baya ka duba siffar. In tulin yana dama, ɗaurinka zai yi zagaye uku yana kallo ana dukansa. Lokacin da na yi wa ɗaurin dodo haka, kati 19 ne masu mana 5 zuwa sama, masu mana 1 da 2 kuma ba su cika goma ba.

Ga abin da ya buɗe min ido. A ɗauri mai filaye 24, in kai ka fara wasa, damar ka samu fili na huɗu a zagaye na huɗu kashi 63 ce. Damar ka samu na shida a zagaye na shida kuwa kashi 32 ce kacal. Ashe katin da aka rubuta masa 6, a wasa biyu cikin uku sai zagaye na bakwai, na takwas ko ma fiye yake sauka. Tazarar da ke tsakanin mana 4 da mana 6 ta fi abin da lambobin suke nunawa nesa ba kusa ba.

Bayan gyara, gurabe 36 da ba na filaye ba sun kasu haka: 12 masu mana 1, wato masu ba da mana takwas da Lightning Bolt huɗu, 4 masu mana 2, 10 masu mana 3, 6 masu mana 4, biyu masu 5, dodo biyu. Za ka ga layin 2 ya rame, layin 3 ya yi ƙiba. Da gangan ne. Wanda ya sauke Llanowar Elves a zagaye na ɗaya, mana 3 gare shi a zagaye na biyu, ya tsallake matakin 2 ke nan. Matakala tana bin shirin ɗauri. Ɗaurin farmaki zalla da layin 1 da na 2 zai cika, na haƙuri kuma zai sa katunan tarewa masu araha a ƙasa, 'yan manya kaɗan a sama.

Mataki na biyar: filaye da launuka

Ba wanda yake shiga wasan kati saboda sha'awar filaye, shi ya sa su ake fara yankewa in wuri ya ƙure. Kuskure ne mai tsada. A kati 60, filaye 24 ne ma'aunin da ake farawa da shi, kashi 40 ke nan cikin 100. A ɗauri mai 40 na wasan da ake zaɓar katuna nan take daga sababbin ƙunshi, 17 aka saba. Da 24, kusan kashi 77 na hannayen farko suna zuwa da fili biyu zuwa huɗu, wanda shi ake so. Hannu mai fili ɗaya ko babu yana zuwa sau ɗaya cikin bakwai. Rage su zuwa 20, ya koma sau ɗaya cikin huɗu. Ɗaurin da kusan duk katunansa masu mana 1 da 2 ne zai iya rayuwa da 20 ko 21. Mai son kaiwa mana 6 kuwa kada ya sauka ƙasa da 24, na haƙuri ma har 26 ko 27 suke kaiwa. Na taɓa rage nawa zuwa 21 da hujjar ai ina da masu ba da mana takwas. Halitta mai juriya 1 kuwa ko ƙaramin katin ƙuna irin Shock yana kashe ta, fili ba ya mutuwa haka. Na koma 24.

Sai launi. Magic launi biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Kowane launi da ka ƙara, ka ƙara yiwuwar ka riƙe kati ja a hannu alhali filayenka duk kore ne. Frank Karsten, ƙwararren ɗan wasa kuma masanin lissafi daga Holan, ya yi wannan ƙididdiga, kuma adadin da aka fi riƙewa daga aikinsa shi ne kimanin filaye 14 masu ba da launi ɗaya in kana son ka dogara da sauke kati mai wannan launi a zagaye na ɗaya. Ɗaurina yana son kore a zagayen farko, yana kuma son ja biyu domin dodo. In na raba 12 da 12, kowane ɓangare ya gaza. Filaye masu ba da launi biyu su ne mafita: Stomping Ground huɗu da Karplusan Forest huɗu, sai Forest mai ba da kore takwas da Mountain mai ba da ja takwas, kowane launi ya samu 16. Ana biyansu da ɗan rai, amma ya fi zama da hannu a daskare. In ba ka da irinsu, ka fifita launi ɗaya, na biyun ya zama ɗan taimako da katunan da ba sa neman fiye da mana ɗaya na launinsu. Sabon shiga kada ya wuce launi biyu.

Hearthstone ya ɗauke wa 'yan wasansa wannan ciwon kai, mana yana ƙaruwa da kansa ɗaya-ɗaya har 10. A Pokémon kuwa katin Energy ɗaya ake liƙawa daga hannu a kowane zagaye, don haka tambayar ita ce nawa babban maharinka yake buƙata, da wace hanya za ka hanzarta masa.

Mataki na shida: gwada shi kai kaɗai

Kafin ka nemi abokin karawa, zauna da ɗaurin kai kaɗai. Cakuɗa shi sosai tukuna. Masana lissafi Dave Bayer da Persi Diaconis sun nuna a 1992 cewa kati 52 yana buƙatar a saƙa rabi cikin rabi kusan sau bakwai kafin ya gauraya da gaske, naka kuwa 60 ne. Jera kati tuli-tuli a tebur ƙirga ne, ba cakuɗawa ba.

Ɗebi 7, ka yanke hukunci da gaskiya: zan riƙe ko zan sake? Tun 2019 dokar Magic ita ce in ka sake hannu, kana ɗibar 7 sababbi, ka mayar da ɗaya ƙarƙashin ɗauri a karo na farko, biyu a karo na biyu. Daga nan ka buga zagaye biyar ko shida kamar abokin karawa ba ya yin komai. Yi haka sau ashirin, kana rubuta abu uku: hannu nawa ka sake, a wane zagaye ka fara sauke abu mai amfani, a wane zagaye da ka ci wasa. Aikin minti arba'in ne, kuma yana tona asirin matsalar filaye, launi da matakala tun kafin wani ya tona maka. Ɗaurin da bai iya cin wanda ba ya ramawa ba kafin zagaye na takwas, in dai ba na haƙuri ba ne, a koma mataki na huɗu.

Mataki na bakwai: wasa na gaske, da alƙalami a gefe

Yanzu ka nemi mutane, ko ka hau manhajojin wasa ta intanet irin su MTG Arena, Pokémon TCG Live ko Master Duel inda ake samun wasanni da yawa cikin ɗan lokaci. Nemi masu ɗauri iri-iri. In da mutum ɗaya kake ta karawa, abin da za ka gina shi ne maganin ɗaurinsa shi kaɗai.

Bayan kowane wasa rubuta layi biyu: wane kati ne ya zauna a hannunka bai yi aiki ba, wane kati ne ka yi fatan da shi ka jawo. Ƙwaƙwalwa maƙaryaciya ce a nan. Tana riƙe ranar da dodo ya sauka ya ci wasa, ta manta da wasa biyar da ya yi yana dumama hannu. Takarda ba ta da wannan son kai.

Kada kuma ka yi saurin yanke hukunci. Ɗaurin da ƙarfinsa daidai yake da na abokin karawa, in suka buga goma, damar ya ci shida ko fiye kusan kashi 38 ce. Cin shida cikin goma bai nuna komai ba, faɗuwa shida ma haka. Sakamako sai an tara wasa talatin zuwa sama yake fara magana. Abin da wasa goma suke iya nunawa shi ne halin katuna ɗaya-ɗaya, wanda kake murna in ka jawo shi da wanda kake tsaki.

Wani lokaci ma laifin ba na ɗauri ba ne. Mike Flores ya yi wani rubutu a 1999 da har yau ake komawa gare shi, inda ya nuna cewa a kowace karawa ɗaya ne mai kai hari ɗaya mai tarewa, wanda ya kasa gane matsayinsa kuma shi ke faɗuwa. Na sha jefa Lightning Bolt a fuskar mai ɗaurin farmaki ina gaggawar rage masa rai, alhali aikina a wannan karawa shi ne in kashe mayaƙansa in ja wasa ya yi tsawo. Kafin ka cire kati, tambayi kanka ko kai ne ka buga shi ba daidai ba.

Mataki na takwas: yanka

Canza kati biyu zuwa huɗu a lokaci ɗaya, kada ka wuce haka, in ba haka ba ba za ka san wane canji ne ya yi aiki ba. Duk katin da zai shiga, wani ya fita, kuma ya fi kyau su zama masu tsadar mana ɗaya don matakala ta tsaya yadda take. Waɗanda ake fara kora su ne katunan da ba sa aiki sai kana kan gaba. Katin da yake ninka ƙarfin mayaƙanka in kana da biyar a tebur, ai wanda yake da biyar a tebur ya riga ya kusa ci. Katin kirki shi ne wanda kake jawowa kana baya ya dawo da kai cikin wasa. Na biyu a layin kora su ne masu buƙatar wani kati kafin su yi amfani, in wancan katin ba huɗu ba ne a ɗaurin.

Ba laifi ka duba jerin ɗaurukan da suka ci manyan gasa. Wasu suna ganin kwaikwayo abin kunya ne, ni ban gani ba. Abin dubawa shi ne adadin filayensu, yawan katunan kisa, inda matakalarsu ta yi tudu, sai ka auna naka da su.

Mataki na tara: 'yan benci

A gasar Magic da ta Yu-Gi-Oh! wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku shi ya yi nasara, kuma tsakanin wasa da wasa ana iya musanya katuna daga wasu 15 da ke gefe. Wasan farko da ainihin ɗaurinka ake yi, a Magic kuma dokar huɗu-huɗu ta haɗa da na bencin. Gasar Pokémon ba ta da benci irin wannan, duk maganin da kake so dole ya samu wuri cikin 60 ɗin.

Benci wurin katuna ne masu kaifi a kan abu ɗaya: Naturalize, mai lalata katunan kayan aiki, ga mai dogaro da su, katin da ke yi wa duk ƙananan halittu ɓarna ga mai farmaki, katin da ba a iya tarewa ga mai Counterspell. Rubuta ɗaurukan da ka fi haɗuwa da su guda huɗu ko biyar, a gaban kowanne ka sa abin da zai shiga da abin da zai fita. Rabin na biyu shi ake mantawa. Mutum ya tanadi kati shida domin karawa ɗaya, ranar wasa ya tarar uku kawai yake iya cirewa ba tare da ya rushe shirinsa ba, sauran ukun sun ci gurbi a banza. Ba a fafe gora ranar tafiya. A gida ake wannan lissafi.

A takardata, gaban ɗaurin farmaki, abin da na rubuta zai fita shi ne dodo biyun nan duka, domin wasan yakan ƙare kafin mana 6. Gaban ɗan tsakiya da mai haƙuri kuwa suna nan daram, har ina da na uku a benci da yake shigowa in na ga abokin karawa ba shi da abin da ke tare halitta mai tashi sama. Na huɗun yana cikin akwati, a leda.